Yadda Za Ka Gane Kalmar "Rival" Ka Yi Amfani da Ita Daidai

Ɗalibai da yawa a makarantunmu na karkara, musamman masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, suna fassara kalmar "rival" da maƙiyi. Wannan kuskure yana damuna, domin yana ɗora wa mutane gabar da babu ita a tsakaninsu.

Fara da asalinta. Kalmar ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 16 daga harshen Latin na tsoffin Rumawa, inda "rivus" ke nufin rafi, "rivalis" kuma mutumin da kuke ɗiban ruwa daga rafi ɗaya da shi. Duk wanda ya taɓa noman rani a Kadawa ko Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai zuwa gonaki, ya san irin wannan zama: maƙwabcinka na sama ya tare ruwa da buhun ƙasa ya juya shi cikin tumatirinsa, kai kuma kana tsaye da fartanya kana kallon albasarka tana yaushi, har ku ɗaga wa juna murya, amma da magariba ku tsaya a sahu ɗaya. Wannan maƙwabcin shi ne ainihin ma'anar kalmar.

Saboda haka, duk inda ka ci karo da ita, ka tambayi kanka wane abu guda ne mutanen biyu suke nema. Amsar ita za ta ba ka fassara. Idan kujera ce, ka ce abokin hamayya ko abokin takara. Idan kambun dambe ne, abokin karawa. Idan kuwa miji ne, Hausa tana da kalmar da ta fi kowace dacewa, wato kishiya.

Sai ka rarrabe ta da 'yan uwanta biyu. "Enemy" ita ce maƙiyi, kuma tushenta a Latin yana nufin wanda ba aboki ba. "Opponent" kuwa wanda ka fuskanta ne a karawar yau, gobe kuma wani daban. Duk ƙungiyar da Real Madrid ta kara da ita tana ɗaukar wannan suna, amma Barcelona ce "rival" ɗinta, domin hamayyarsu ta shekara da shekaru ce, kamar yadda duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya sani.

Wajen furuci, gaɓar farko "rai" ce kamar ta rairayi, kuma ka ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa don harafin v, kada ya koma b. Jam'inta "rivals", ita hamayyar kanta kuma "rivalry".

Kada kamanni ya sa ka haɗa ta da "river", wato kogi, domin wannan ta fito ne daga wata kalmar Latin dabam mai nufin gaɓar ruwa.