Yadda Ake Tsara Labarin Fim Mai Dariya da Fargaba Kan Zargin Maƙwabci

Marubucin da ke son haɗa dariya da fargaba a labarin mutumin da ke zargin maƙwabcinsa mugu ne marar imani, abu na farko da zai tsayar shi ne ta idon wa mai kallo zai ga labarin. Ya tsaya ga mai zargin, kada kuma mai kallo ya san abin da shi bai sani ba. Haka Alfred Hitchcock ya yi a Rear Window na 1954, inda aka ɗauki kusan dukkan fim ɗin daga ɗakin wani mai ɗaukar hoto da ya karye a ƙafa, yana leƙen gidajen maƙwabta ta taga.

Shi kuwa maƙwabcin, kada a ba shi jajayen idanu ko murtukakkiyar fuska. Irin mutumin da ake nufi an fi saninsa da daɗin baki, da shara ƙarya ba tare da nauyin zuciya ba, da rashin nadama idan ya cuci wani. Saboda haka a sa shi ya riƙa fara gaisuwa, ya riga kowa zuwa ta'aziyya, har unguwa ta riƙa ganin mai zargin ne ke da matsala. A ganina nan ne yawancin aikin yake, domin natsuwarsa ce ke haifar da fargaba.

Kowace hujja kuma ta kasance mai fassara biyu. Ramin da aka haƙa cikin dare yana iya zama kabari, yana iya zama gyaran bututun ruwa.

Dariyar ta fito daga wuce gona da iri na mai zargin, kamar hawa katanga da tonon shara. A fim ɗin The 'Burbs na 1989, wanda Joe Dante ya ba da umarni kuma Tom Hanks ya fito a ciki, masu zargin ne, garin bincikensu, suka jawo gidan maƙwabtan ya kama da wuta, daga baya aka ga ƙasusuwan mutane a but ɗin motar mai gidan. A guji mai da masu taɓin hankali abin dariya, domin mugunta daban, rashin lafiya daban.

Kafin a rubuta fitowa ta farko, a yanke ko zargin gaskiya ne ko ƙarya, domin wannan hukuncin ne zai nuna inda za a ɓoye kowace alama.