Yadda Ake Gano Inda Matsala Take Idan Talabijin da Hom Tiyata Suka Ƙi Aiki Tare

Ga hoto tangaram a talabijin amma lasifikoki sun yi tsit, ko kuma ga sauti yana tashi amma allo baƙi ƙirin. Da yawanmu a nan Zariya abin da muke fara yi shi ne mu tare mai Keke Napep mu loda kayan zuwa wurin mai gyara a Sabon Gari, ko mu sayi sabuwar wayar haɗa kayan. Sau da yawa kuwa babu abin da ya lalace. Waya ce aka soka a ramin da ba nata ba, ko wani saiti ne ya sauya bayan an ɗauke wuta.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce: ka bi hanyar da hoto da sauti suke bi, daga inda suka fito zuwa inda za su sauka, kuma kada ka taɓa abu biyu a lokaci guda. In ka canja waya, ka canja rami, ka kuma shiga saiti duk a tare, ko abin ya gyaru ba za ka san me ya gyara shi ba, gobe kuma ya dawo.

Mataki na farko: wuta

Kafin komai ka duba jikin kowace na'ura ta baya, inda aka rubuta ƙarfin wutar da take ɗauka. Wutarmu a Najeriya 230V ce, 50Hz. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka 120V suke ci, kuma risiba ta gwanjo da yawa daga can take zuwa. Da risiba ina nufin akwatin nan na hom tiyata da ke karɓar sauti ya rarraba wa lasifikoki, ba dikodar dish ba. In ka ga an rubuta 120V kaɗai, kada ka kuskura ka jona ta a soket sai da tiransifomar rage wuta. Jonawa ɗaya ta isa ta ƙona ta.

In wuta ta yi rauni, kamar yadda takan yi da magariba idan kowa ya kunna kayansa, risiba na iya yin ƙas ta mutu da kanta da zarar ka ƙara murya. Wannan aikin sitabilaiza ne. Ƙaramin janareto da inbata mai araha su ma sukan sa lasifika gurnani. Ka gwada kayan a kan wutar NEPA mai kyau kafin ka yanke musu hukunci.

Mataki na biyu: kashe komai, ka tayar da su bi da bi

Na'urorin da ke haɗe da HDMI, wato wayar da ke ɗaukar hoto da sauti tare, sai sun gaisa kafin hoto ya wuce. Talabijin za ta faɗi irin hoton da take iya nunawa, dikoda kuma ta tabbatar da tsarin kariyar nan na HDCP da ke hana kwafar fim. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita farat ɗaya, duk suka farka tare, gaisuwar takan sarƙe. Sai ka ga baƙin allo, ko hoto yana ƙiftawa, ko ya koma ruwan hoda.

Zare filogin kowacce daga bango, ba kashewa da rimot ba. Jira kamar minti biyu. Kunna talabijin tukuna, sannan risiba, sannan dikoda ko DVD ko PlayStation. Wannan kaɗai yana warware matsaloli da dama.

Daga nan ka danna maɓallin da aka rubuta Source ko Input a rimot. In wayar tana HDMI 2 a bayan talabijin, allon ma HDMI 2 zai kasance. Risiba ma tana da nata zaɓin: in dikoda tana ramin da aka rubuta CBL/SAT, shi za ka zaɓa. Yara ne suka fi sauya wannan, musamman masu wasa da rimot bayan an tashi daga Islamiyya.

Mataki na uku: IN da OUT

Nan ne mafi yawan mutane suke faɗawa, don haka zan ɗan daɗe a kai. Ɗauki tocila ka leƙa bayan kayan, ka karanta rubutun da ke jikin kowane rami. Sauti da hoto daga OUT suke fita, su shiga IN. In ka haɗa IN da IN, ko shekara za ka yi babu abin da zai fito.

Ramukan nan ja da fari da rawaya da ke bayan yawancin sababbin talabijin an rubuta musu AV IN. Na shigar da abu ne cikin talabijin, ba na fitar da sauti ba. Mutum zai sayo hom tiyata, ya ja waya ja da fari daga AV IN na talabijin zuwa AUX na hom tiyata, ya ji shiru, ya ce an sayar masa da matacciya. Lafiyarta ƙalau. Talabijin ɗin ce ba ta turo komai ta wannan ƙofar.

To ta ina sauti yake fita daga talabijin? Hanyoyi uku ne, ka duba wadda kake da ita.

Ta farko ramin HDMI da aka rubuta ARC ko eARC a gefensa. Yawanci guda ɗaya ne tak a cikin ramukan. ARC ta zo ne da HDMI 1.4 a 2009, eARC kuma da HDMI 2.1 a 2017, aikinsu shi ne mayar da sauti daga talabijin zuwa risiba ta wayar da ke kawo hoto. Dole ne ɗaya bakin wayar ya shiga HDMI OUT na risiba wanda shi ma aka rubuta masa ARC. Akwai hom tiyata masu DVD da suke da HDMI OUT amma babu ARC. Irin waɗannan hoton faifai kawai suke turawa, ba za su karɓi sautin tashar da kake kallo ba.

Ko an soka daidai, ARC takan ƙi tashi sai an kunna CEC, wato tsarin da ke sa na'urori su ba juna umarni ta wayar HDMI, a saitin na'urorin biyu. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Samsung Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync, Panasonic Viera Link, Philips EasyLink. A risiba galibi HDMI Control za ka gani. Ka kunna a duka ɓangarorin, sannan ka shiga saitin sauti na talabijin ka ɗauke shi daga lasifikar cikinta ka mayar kan risiba. CEC na da nata rigimar, don wani lokaci dikoda ɗaya mai taurin kai takan rikita sauran. In ARC tana zuwa tana ɗaukewa, zare duk sauran wayoyin HDMI ka bar ta risiba kaɗai, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin.

Ta biyu ramin Optical, ɗan murabba'i mai ƙyaure. Wayarsa haske take ɗauka, ba wuta ba. Soka baki ɗaya a talabijin, ka duba ɗaya bakin: za ka ga jan haske. In babu, ko wayar ta karye a ciki ko ba a kunna fitar sautin ba. Sabuwar waya tana zuwa da 'yar hular roba a kowane baki, a cire ta kafin a soka. Kada a naɗe ta da ƙarfi.

Ta uku ramin iyafis mai 3.5mm. Waya mai baki ɗaya a gefe, ja da fari a ɗaya gefen, za ta kai sautin zuwa AUX. Ka ƙara muryar talabijin ɗin, domin ita ce ke iko da wannan ramin.

In hom tiyatarka irin mai ja da fari kaɗai ce, talabijin kuma Optical kawai take da shi, akwai ɗan akwatin da ke juya Optical zuwa ja da fari, ana samunsa wurin masu kayan lantarki. Akwai kuma hanyar da ba ta cin ko kwabo: yawancin dikodoji, na DStv ko GOtv ko StarTimes ko na kyauta, suna da AV OUT. Bar HDMI ta kai hoto talabijin, ka ja ja da fari daga dikoda kai tsaye zuwa hom tiyata, ka rage muryar talabijin gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: irin sautin da ake turawa

An haɗa daidai, amma sai ka ji shiru a wasu tashoshin, ko wani tsaki mai tsanani yana fita, alhali wasu tashoshin lafiya lau. Ko YouTube na magana, Netflix ba ya yi. Wannan alamar talabijin na tura Dolby Digital ne, wato sautin da aka dunƙule don lasifikoki da yawa, zuwa na'urar da ba ta iya fassara shi. Ƙananan akwatunan Optical ɗin nan yawancinsu PCM, wato sautin da ba a dunƙule ba, kaɗai suke ganewa. Shiga saitin sauti, nemi Digital Audio Output, ka zaɓi PCM. In sauti ya dawo, ka gano bakin zaren.

Amma PCM ta Optical ko ARC lasifika biyu ce kawai, hagu da dama. In risibarka cikakkiya ce mai 5.1, wato lasifika biyar da wufa ɗaya mai fitar da kauri, ka mayar da saitin Auto ko Bitstream don ta samu Dolby Digital. Optical ba ta ɗaukar Dolby TrueHD da DTS-HD, waɗannan sai eARC ko a jona na'urar kai tsaye a risiba.

Lasifikokin baya da suka yi shiru lokacin labarai ko finafinan Kannywood ba lallai sun lalace ba. Shirin da aka haɗa da sautin hagu da dama ba shi da abin da zai ba su. In kana so duka su yi magana, zaɓi All Channel Stereo ko Dolby Pro Logic a risiba. In kuma baki na motsi kafin magana ta iso, ko magana ta riga baki, nemi Lip Sync ko Audio Delay ka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan.

Mataki na biyar: gwajin waya da rami

In har yanzu babu hoto, cire risiba daga tsakani. Haɗa dikoda kai tsaye da talabijin. Hoto ya fito? Matsalar tana risiba ko wayar da ke tsakaninta da talabijin. Bai fito ba? Canja rami. Sannan ka aro wayar da ka tabbatar tana aiki, ko ta maƙwabci ce, ka gwada.

Ni dai ban ga dalilin kashe kuɗi a kan wayar HDMI mai bakin zinare ba. Waya ko ta isar da saƙo ko ta kasa. Abin dubawa shi ne ƙarfinta da tsawonta: hoton 4K mai 60Hz yana son mai ɗaukar 18Gbps, kuma doguwar waya ta fi saurin kawo ƙiftawa da fararen ɗigo-ɗigo. Wasu dogayen suna da gaba da baya, an rubuta Source a baki ɗaya, Display a ɗayan. In aka juya su ba sa aiki. Tsohuwar risiba da ba ta da HDCP 2.2 ba za ta wuce da fim ɗin 4K mai kariya ba. A nan sai ka jona na'urar a talabijin, sautin ya dawo ta ARC ko Optical.

Ga masu amfani da AV: hoto baƙi da fari yana nufin ko an soka rawaya a ramin kore, ko an saita na'urar a NTSC, tsarin hoton Amurka. Mayar da ita PAL, shi ne tsarinmu.

Mataki na shida: lasifikoki da gurnani

In risiba ta rubuta Protect ta mutu, kashe ta ka duba bayan kowace lasifika. Silin tagulla ɗaya da ya tsallake ya taɓa ɗan'uwansa ya isa. A gidajen da aka bi da waya ta ƙarƙashin kafet ko ta silin, ɓera ma yakan yi nasa aikin. Cire wayoyin lasifika duka, kunna risiba, ka riƙa mayar da su ɗaya-ɗaya, kana kashewa kafin kowace sokawa. Ka kuma duba lambar ohm, wato ma'aunin yadda lasifika ke jan wuta: lasifika mai 4 a kan risibar da aka rubuta wa 6 zuwa 8 za ta sa ta zafi. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, in ba haka ba kiɗan zai rasa nauyi. Wufa mai nata filogi sai an jona ta a wuta, wayarta kuma ta fito daga SUB OUT.

Gurnanin da ba ya tsayawa ko an tsayar da fim yawanci daga wayar dish yake shigowa. Kashe dikoda daga bango, kwance wayar dish ɗin, ka saurara. In ya ɗauke, ka tara filogin talabijin da risiba da dikoda a kan ekistenshan guda mai kyau, ka raba wayoyin sauti da na wuta. In jikin dikoda yana ɗan jan hannunka idan ka taɓa, mai yiwuwa gidan ba shi da wayar ƙasa mai aiki. Kira mai wayarin, kuma kafin ya zo kada ka soka ko zare HDMI alhali kayan na kunne, don ta haka ramuka suke ƙonewa.

Yanayin garinmu ma yana da hannu. Ƙurar hunturu tana cika ramukan da ba a amfani da su, tana toshe ƙofofin iska na risiba. Zare filogi ka share da busasshen burushi mai laushi, kada ruwa ya kusanto, kuma kada a lulluɓe ta da ƙyalle tana kunne. Da damina kuwa, in hadari ya haɗo da tsawa, kashe soket bai wadatar ba. Zare filogi, ka kwance wayar dish ma, domin ta nan wutar aradu take bi ta shiga dikoda, ta bi HDMI ta cinye ramin talabijin da na risiba a tare.

Lokacin zuwa wurin mai gyara ya yi idan ka ji ƙaurin ƙonewa, ko Protect ta ƙi tafiya bayan ka cire lasifikoki duka, ko rami ɗaya ya ƙi kowace waya da kowace na'ura alhali na kusa da shi yana aiki. In rami ɗaya ne ya mutu kuma ba na ARC ba ne, koma wani ka ci gaba da kallonka. In dole sai an kai, ɗauki hoton bayan kayan da wayarka kafin ka zare komai, ka tafi da rimot ɗin, ka kuma gaya wa mai gyaran gwaje-gwajen da ka riga ka yi da abin da kowanne ya nuna.