Yadda ake haɗa hasashe kan abin da ya jawo zombi a fim

A majalisar shayi nan Garwa in aka tashi musun fim ɗin zombi, wato gawar da ke tashi tana cizon mutane, kowa malami ne, wannan ya ce gwamnati ce ta saki cutar, wancan ya ce daga sama ta faɗo, amma ka ce ina hujja sai a hau sosa ƙeya. To ga yadda ake yi.

Da farko koma kashi na ɗaya ka sake kallo, kar ka gudu da shi. Masu fim suna son ɓoye sirrin a wurin da ba wanda ke kula, labaran rediyo da ke tashi a bayan fage, jarida a kan tebur, abin da mutane ke ci. Ka lura waye ya fara juyewa zombi, waye ya tsira, me ya raba su. Haka masu kallon The Last of Us suka yi a 2023, sun lura jarumin fim ɗin Joel da 'yarsa duk ranar da cutar ta ɓarke ba su taɓa abin fulawa ba, garin fanke ya ƙare a gida, an miƙa biskit an ƙi, kek ma Joel ya manta bai sayo ba, rediyo kuma tana ta ambaton birnin Jakarta na Indonesiya. Sai suka ce lallai a fulawa cutar take, kashi na biyu yana fitowa ga kamfanin fulawa a Jakarta. Da a Marwa ko Kusuri abin ya faru, yadda muke da burodi da makala da safen nan ai da ba wanda zai kai azahar.

Na biyu, ta ina cutar take shiga jiki? Cizo ne, iska ce, ko abinci. A The Walking Dead kowa na ɗauke da ita, ko ba a cije ka ba kana mutuwa za ka tashi, kenan duk hasashen da ya tsaya kan cizo kaɗai ya faɗi tun nan.

Na uku, sai ka nemo cutar gaske da ta yi kama. Haukan kare shi ne kowa ke fara kawowa saboda yawu da cizo da fita hayyaci, amma shi yakan ɗau makonni ko watanni kafin ya bayyana, in a fim ɗin mutum na juyewa cikin minti ɗaya to dole ka ce an taɓa ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, kuma sai ka nuna inda fim ya yi nuni da haka. Akwai kuma fumfunar Cordyceps mai kama tururuwa ta sa ta hau ganye ta cije shi ta mutu a nan, wannan gaskiya ce, mutum dai ba ta yi masa haka.

Na huɗu shi ne wanda samari ba sa so: ka zama abokin gaban hasashenka. Nemo fage ɗaya da ya ƙaryata ka, in ka samu ka gyara ko ka zubar. Masu cewa shuɗiyar ƙwayar maye ta fim ɗin Breaking Bad ce ta haifi zombin The Walking Dead don an gan ta a jakar Merle, ɗaya daga cikin mutanen The Walking Dead, ni dai ban saya ba, wasa ne na tasha ɗaya mai finafinai biyu.

In ka gama ɗauki hoton fagen a waya, rubuta kashi da minti, sannan ka tura a guruf ɗin WhatsApp. Amma don Allah ka sa gargaɗi a sama, akwai wanda datarsa ta ƙare a kashi na uku, kar ka ɓata masa kallo.