Yadda Sabon Mai Kiwon Zuma Zai Kula da Amyarsa a Lokacin Hunturu

Yawancin bayanan kiwon zuma da ake samu a intanet an rubuta su ne don ƙasashen ƙanƙara irin su Ingila da Kanada, inda ƙudan zuma ke dunƙulewa cikin amya tsawon watanni kusan ba fita, mai su kuma ya naɗe akwatin ya jira sanyi ya wuce. Wanda ya kwaso wannan tsarin ya kawo shi Zariya ko Maraɗi zai yi asara. A ƙasar Hausa hunturu lokacin aiki ne ga ƙudan zuma. Gawo na fure tun daga ƙarshen kaka, mangwaro da rimi da kaɗanya da ɗorawa su biyo baya tsakanin Disamba da Maris, darbejiya ta rufe. Zumar da za ka ɗiba kafin damina, a waɗannan watannin ake tara ta. Abin da ke kore ƙuda daga amya a wannan lokaci shi ne iska, da ƙishirwa, da gobara, da tururuwa, da kuma yawan buɗe-buɗen mai amyar kansa.

Bayanin da ke tafe ya fi shafar amyar katako mai sanduna a sama, wadda ake kira ta Kenya, domin ita ce ta fi sauƙi ga sabon shiga. Mai amyar gargajiya ta kara ko ta ciyawa da aka yaɓe da kashin shanu shi ma zai amfana da yawancinsa.

Mataki na farko: wurin da amya za ta zauna

Ƙudan zumar yankinmu mafaɗata ne, kuma idan suka tashi suna bin mutum nesa. Saboda haka wurin ajiye amya a nan ba ya nufin jikin katangar tsakar gida a cikin unguwa. Ana nufin lambu, ko gonar gefen gari, ko babban fili da ke nesa da hanyar mutane, da makaranta, da rijiya, da aƙalla mita 100. Kada a ɗaure akuya ko jaki ko saniya kusa da amya ko da na rabin yini ne. Dabbar da ke turke ba ta iya gudu, harbi kan kashe ta.

Ka kewaye wurin da zana ko shingen kara mai tsayin mita 2. Shingen na tare iskar hunturu, kuma yana tilasta wa ƙudan tashi sama tun daga bakin ƙofa, sai su bi ta saman kawunan mutane. Iskar tana busowa ne daga arewa maso gabas, don haka ƙofar amya ta kalli kudu. Idan ta kalli iskar, ƙura da sanyin asuba za su riƙa shiga kai tsaye kan ƙwai da tsutsa. Ƙudan na riƙe zafin wurin renon ’ya’ya a digiri 34 zuwa 35, kuma zuma suke sha su samar da wannan ɗumin. Duk daren da iska ta ratsa amya, daga rabonka ake ci.

Ka ɗora amyar a kan ƙafafu masu tsayin kusan mita ɗaya, a ƙarƙashin inuwar da ba ta yi duhu ba, yadda hantsi zai taɓa ta amma ranar azahar ba za ta dafa ta ba. Wannan zai yi maka rana a Maris, lokacin da zafi ke narkar da saƙa ta zube.

Mataki na biyu: gyaran akwatin kafin iska ta kankama

A Nuwamba ake wannan. Hunturu na busar da katako ya tsuke, sai ka ga tsaga ta buɗe a kusurwa ko tsakanin sanduna inda da babu. Ka zagaya amyar da yamma ka liƙe kowace tsaga da kaki ko yumɓu da aka kwaɓa da kashin shanu. Sandunan kuwa a matse su su haɗu ƙam. Faɗin kowace sanda santimita 3.2 ne ga ƙudanmu. Idan kafinta ya ƙara ko ya rage, ƙudan za su gina saƙa ta haye sanda biyu, ranar ɗiba ka kasa ɗaga ɗaya ba tare da ka fasa ɗaya ba.

Ƙofar shiga kada tsayinta ya wuce milimita 8 zuwa 10. Wadda ta fi haka tana ba manyan ƙwari da ƙadangaru hanya. In ramuka ne aka huda, kuma ƙudan ba su da yawa, ka toshe rabinsu da tsinke ko kaki, ka buɗe idan ka ga cunkoso a bakin ƙofa.

Murfin kwano yana yin sanyi ƙarara da dare ya yi zafi da rana. Ka shimfiɗa tsohon buhun algarara ko busasshiyar ciyawa tsakanin sanduna da murfin, ka danne da dutse ko ka ɗaure da waya don iska. Kada ka naɗe amya da leda. Numfashin ƙudan da ruwan da suke busarwa daga zuma ba za su sami mafita ba, sai saƙa ta yi fumfuna.

Idan ƙudan sabbin shiga ne kuma saƙarsu ba ta wuce sanda biyar ko shida ba, ka yanko allo daidai da cikin amyar ka raba ta, ka bar musu sanduna biyu ko uku babu komai bayan saƙar ƙarshe. Ƙaramin ɗaki ya fi sauƙin ɗumamawa da tsarewa. Suna cikawa kana ja da allon baya.

Wanda amyarsa ba ta kamu ba tukuna, daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu ne ƙuda ke rabuwa suna neman sabon gida. Ka goga kakin zuma a cikin akwatin da bakin ƙofa, ka zuba siririn layin narkakken kaki a tsakiyar kowace sanda. Kada ka shafa zuma, tururuwa za ta riga su zuwa.

Mataki na uku: ruwa

Nan ne sababbi suka fi faɗuwa, domin ba wanda ke tuna ƙishirwa yana rawar ɗari. Amma iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, tafkuna da kududdufai sun ƙafe, ƙudan kuwa na bukatar ruwa don tsinka zuma su ciyar da tsutsa da kuma riƙe danshi a wurin reno. In ba ka ba su ba za su nemo da kansu, a randar maƙwabta, ko bakin famfo, ko kwamin shan dabbobi, daga nan kuma rigima ke tashi. Mafi muni su sauka a fadamar noman rani inda aka yi wa tumatir da albasa feshi.

Ka sami faffaɗan kasko ko baho marar zurfi mai cin lita 5 zuwa 10, ka cika shi da tsakuwa ko guntayen kara yadda ƙudan za su sami wurin tsayawa, domin a ruwa tsura nutsewa suke yi. Ka ajiye shi a inuwa, taku goma zuwa ashirin daga amya, ba a gaban ƙofa ba inda kashinsu ke zuba. Abu mafi muhimmanci shi ne ka fara da wuri kuma kada ya taɓa ƙafewa. Ƙuda idan suka saba da wurin sha ba sa sakinsa, in kuwa suka zo kwana biyu suka tarar da kasko a bushe, suka koma randar wani, dawo da su sai an sha wuya. Ka duba kullum, ka wanke duk mako. Amya mai ƙarfi kan sha lita ɗaya ko fiye a yini idan bazara ta matso.

In akwai masu noman rani kusa, ka je ka same su cikin mutunci ka roƙi su riƙa feshi da yamma liƙis, bayan ƙuda sun koma gida. Tarin matattun ƙuda a bakin ƙofa, wasu na jan ciki suna karkarwa, alamar guba ce.

Mataki na huɗu: wuta da ƙwari

Ka share ciyawa tas, mita 3 zuwa 5 kewaye da shingen, tun kafin masu farauta su fara cinna wa daji wuta. Ko wutar ba ta ci amyar ba, hayaƙi mai yawa ya isa ya kore su.

Ƙafafun amya ka tsoma su a gwangwanaye masu baƙin mai, ko ka shafe su da giris. Ƙura na rufe man cikin kwanaki ta zame wa tururuwa gada, saboda haka a hunturu sai an sabunta shi kusan duk mako. Ka tabbata babu reshe ko ciyawa da ke taɓa akwatin. Akwai kuma asun da ke cin kaki: tsutsarsa na huda saƙa tana barin zare kamar yanar gizo-gizo. Ba ya iya cin amya mai ƙarfi, saƙar da ƙuda suka bari babu tsaro yake kamawa. Duk tsohuwar saƙa baƙa da ba ƙuda a kanta, ka cire ta ka narkar.

Mataki na biyar: dubawa ba tare da takura ba

Yawancin abin da kake son sani yana bakin ƙofa. Ka tsaya a gefe da hantsi, bayan rana ta ɗan yi ɗumi, domin da sassafe sanyi na hana su fita. Idan kana ganin suna shiga da ƙullin garin fure, rawaya ko fari, a ƙafafunsu na baya, galibi alama ce cewa sarauniya na nan tana ƙwai. Ka ɗan ɗaga bayan akwatin da hannu ka ji nauyinsa. In yana ƙaruwa daga mako zuwa mako, lafiya lau. In ka ga ƙuda sun yi dafifi a kan garin masara ko dusa da aka shanya, garin fure ya yi ƙaranci a yankin.

Buɗewa kuwa sau ɗaya a mako uku ko huɗu ya isa. Ka zaɓi yammacin da iska ta kwanta, ka sa rigar kariya mai haske, da hular raga, da safar hannu, da takalmin ruwa, ka cusa ƙafar wando a ciki. Kada ka shafa turare. A gwangwanin hayaƙi ka sa busasshen kashin shanu ko totuwar masara ko ɓawon gyaɗa, ban da roba da leda. Ka busa sau uku ko huɗu a ƙofa, ka jira minti biyu, sannan ka fara daga bayan amya inda babu saƙa. Kowace sanda a ɗaga ta a tsaye. In ka kwantar da ita saƙar za ta karye. Kada saƙar ’ya’ya ta daɗe a iska, ka gama komai cikin minti goma.

Saƙar reno mai kyau a cike take, ƙwai ɗaya a gindin kowane rami. Idan ka ga ƙwai biyu ko uku a rami ɗaya, a warwatse, galibi ba sarauniya. Maganinsa shi ne ka ɗauko sanda mai sabbin ƙwai daga wata amya, ka kakkaɓe ƙudanta, ka sa musu, mai yiwuwa su reni sabuwa cikin kusan mako biyu. Wannan ne dalilin da ya sa fara kiwo da amya biyu ya fi ɗaya.

In an harbe ka, ka kankare ƙarin da farce, kada ka matse shi, ka busa hayaƙi a wurin don ɓoye warin da ke kiran sauran. Kumburin maƙogwaro, ko sarƙewar numfashi, ko jiri, sai asibiti nan take.

Ciyarwa: sai da dalili

Amya mai nauyi ba ta bukatar sukari. Wadda ake ba ita ce sabuwar da ta shigo a makare, ko wadda ka ji ta sakayau kuma ba fure a kusa. Ka narkar da sukari kilo ɗaya a tafasasshen ruwa lita ɗaya, ya huce, ka zuba kamar rabin lita a ƙaramin kwano mai tsinkaye, ka sa shi cikin amyar ta baya da magariba. In ka ajiye a waje, ƙudan wasu amyoyi za su zo fashi. Abin da ya rage bayan kwana biyu a zubar, domin yana tsami. Kada ka ba su zumar kasuwa, tana iya ɗauke da cuta ko gauraye. Da zarar mangwaro da kaɗanya sun buɗe ka daina, in ba haka ba ruwan sukari za ka ɗiba da sunan zuma.

Ɗibar zuma

Daga Fabrairu zuwa Afrilu, gwargwadon yanki. Alamarta nauyin akwati, da ƙamshin zuma da yamma, da ƙarin faɗan ƙudan. Ka ɗauki saƙar da aka rufe aƙalla kashi uku cikin huɗu nata da farin kaki. Wadda ba a rufe ba ruwanta ya yi yawa, za ta yi tsami ta kumfa a kwalba. Ka share ƙudan da gashin tsuntsu, ka yanke saƙar cikin bokiti mai murfi, ka bar kamar santimita ɗaya a jikin sandar don su bi shi su sake gini. Da ka iso saƙar da ke da ’ya’ya ko garin fure ka tsaya, kuma ka bar musu saƙa biyu ko uku na zuma. Farkon damina lokacin yunwa ne gare su, wanda ya kwashe duka zai tarar da akwati wayam a Yuni. Amyar da ta kamu a bana mai yiwuwa ba za ta ba da komai ba, a bar ta ta yi ƙarfi.

A gida, cikin ɗaki rufaffe, ka farfasa saƙar ka zuba a kan ƙyallen tata mai tsabta a bisa bokiti ta kwana tana ɗiga. Kada ka ɗora ta a wuta, zafi na ɓata ƙamshi da launi. Bayan kwana biyu ko uku ka kwashe kumfar sama, ka ɗura a busassun kwalabe masu murfi. Tukar da ta rage ka wanke ta, ka narkar cikin ruwa a tukunyar alminiyum a kan wuta kaɗan, ka tace ta huce. Kakin da ya daskare a sama shi za ka goga wa sababbin amyoyi idan kaka ta zagayo.