Darasi na Shida: Hannu, Ƙafa da Ido a Kan Babur

Ka sayi babur, Allah ya sanya alheri. Amma kada ɗoki ya kai ka Kurna ko Kantin Kwari a makon farko. Nemi fili da sassafe, inda ba yara ba awaki, ka fara sabawa.

Kafin ka buga kik, durƙusa ka duba. Danna taya da babban yatsa, in ta yi laushi, sai wajen mai faci. Duba baƙin mai. Taɓa cen, kada ta saki tana lilo. In ka hau, ɗage jak, ka tattare riga ka zauna a kai. Babbar riga da cen ba sa ga maciji.

Hannun hagu na kuloci ne, ƙafar hagu ta giya. Hannun dama shi ke da totur da birkin gaba, ƙafar dama kuma birkin baya. Mai roba-roba an hutar da shi kulocin hannu. Saki kuloci a hankali kana ƙara wuta kaɗan-kaɗan, in ba haka ba babur ya zabura ko ya mutu.

Yanzu maganar birki, wadda ita ce zuciyar darasin. Za ka ji a majalisa ana cewa kada ka kuskura ka taɓa birkin gaba, kayar da mutum yake yi. Wannan rabin gaskiya ce. Duk sanda ka rage gudu, nauyinka da na babur kan tayar gaba yake komawa, don haka ita ta fi riƙe ƙasa. Mai dogaro da na baya kaɗai, tayarsa ja take yi, yana ji yana gani ya daki na gabansa. Kama su biyun tare. Matsa na gaba kamar mai matse lemon tsami, kada ka damƙe shi lokaci guda. Inda yake kayarwa shi ne kan yashi, irin wanda ruwan damina ke tarawa a gefen kwalta, ko a tsakiyar kwana. Shi ya sa ake rage gudu tun kafin a shiga kwana.

Inda ido ya kalla, nan babur ke zuwa. Ka ƙura wa rami ido, ka faɗa shi. Kalli inda kake son bi.

Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, adaidaita sahu ta cika titi. Bar tazara a bayanta, ka riƙa lura da masu tsayuwa a bakin hanya. Da wata ta ɗaga hannu, direban zai tsaya, sau tari ba sigina.

Hular kwano doka ce, kuma sai an ɗaure igiyarta a haɓa take aiki. Silifa kuwa a bar wa alwala.

Aikin gida: ajiye galan biyu a fili, taku 20 tsakaninsu. Taso daga na farko, ka tsaya daidai na biyu da birki biyu. Yi sau 10, ka rubuta sau nawa ka wuce galan.