Yadda Ake Bin Diddigin Tsohon Zauren Wasan Takalmin Taya a Ƙaramin Garin Amurka

Fara da adireshin ginin, kada ka dogara da sunansa. Irin waɗannan zaurukan sukan sauya suna duk lokacin da suka sauya hannu.

Da adireshin a hannunka, nemi taswirorin Sanborn, waɗanda aka zana wa kamfanonin inshorar gobara. Da yawansu suna shafin intanet na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Launin hoda na nufin ginin bulo, rawaya kuwa ginin katako. Jera taswirorin shekaru daban-daban, ka ga lokacin da zauren ya ɓullo da lokacin da ya koma sito ko gareji. A nan ake yawan ɓata: garuruwa da dama sun sake lambobin gidaje, don haka auna daga mahaɗar titi.

Takardun cinikin fili suna ofishin rajistar gunduma, sai dai ba kowane zaure suka ƙunsa ba. Akwai zaurukan tanti masu daɓen katako da ake kwancewa a tafi wani gari. Su kam, sai a tallan tsofaffin jaridu.

Ba'amurke James Plimpton ya yi wa takalmi mai taya huɗu da ya ƙirƙiro rajistar mallaka a 1863, wasan ya bunƙasa a shekarun 1880, ya sake tashe a shekarun 1970. Wanda ya ce maka zauren ya girmi 1863, ka sake bincike.

Idan ginin yana tsaye, ɗaga gefen kafet. Siraran katakon maple da suka lanƙwasa a kusurwa, suna bin zagayen masu gudu, sun fi kowace takarda zama shaida.