Ashe jingine babur ne ya ruɗe ni wajen auna baƙin mai

Sati biyu ina fama. Duk safiya na zaro ma'aunin baƙin mai sai in ga da ƙyar ya taɓa bakinsa, sai in ƙara kaɗan. Can salansa ta fara fitar da hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, na kuma tarar da mai a akwatin iya kilina, wato matatar iska. Na zargi ringin fistan ɗin inji, har na fara tambayar kuɗinsa. Na shimfiɗa kwali a ƙasa ya kwana, ko ɗigo babu.

Wani dattijon bakanike ne ya ce, "Ɗana, a tsaye kake aunawa ko a jingine?" Ashe a sitan ɗin gefe nake barinsa. Babur ya karkata hagu, mai ya taru can, ma'aunin kuma yana dama.

Na tada inji ya yi minti 3, na kashe. Na ɗora shi kan dabal sitan a kan siminti mai daidai, don ƙofar gidanmu gangare ce. Na kwance notin ƙasa, mai ya tsiyaye, na ɗan karkata babur ɗin dama da hagu ragowar ya fito. Abin da na tara ya haura lita 1 sosai, alhali lita 1 injin ke ci. Na ɗaure notin, na zuba sabon baƙin mai samfurin 20W-50, na sake tayarwa, na kashe, na jira minti 3. Na goge ma'aunin, na zura shi ba tare da murzawa ba, kamar yadda littafin babur ɗin ya ce: man ya tsaya tsakanin layuka biyun da ke jikin ma'aunin.

Na goge iya kilina, na sauya fulogi, hayaƙi ya ɗauke. Alhamdu lillahi, Baba Allah ya saka da alheri.